Huji Huɗu a Jikin Tukunyar Baba

Laraba: daga gida zuwa Malumfashi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga masallacin ƙauyenmu, na tarar Malam Iro maƙwabcinmu ya riga ya ɗaura shanunsa a amalanke. An kwana ana ruwa, don tsakiyar damina ce, masara ta fi mutum tsawo. Mu biyu muka ciccibi tukunyar Baba daga bayan rumbu, inda ta shekara tara a kife, muka ɗora. Malam Iro ya kakkaɓe hannu ya ce, "Malam Sani, yanzu a kan wanga tarkace za ka ƙona hutunka?" Na ce masa ya kora shanu kawai. Tun ina yaro nake da saurin fushi, kuma ba abin da ke tayar mini da shi kamar a kira kayan Baba tarkace.

Bari in faɗi irin tukunyar, kada a zaci ta tuwo ce. Duro ne na baƙin ƙarfe mai kauri, tsayinsa ya kai ƙirjina. Yana da murfi a sama, da ɗan hanci guda a ƙasa, da bututu da ya fito daga wuyansa, sai huji huɗu a kewayen cikinsa. Mahaifinmu Malam Audu maƙeri ne ɗan maƙeri, amma da ya ga zamani ya juya sai ya sayi injin wata tsohuwar a-kori-kura ya haɗa shi da kan niƙa. Da ƙarar injin nan muka tashi. Ita ke gaya wa Inna hantsi ya yi, ita ke gaya mana Baba na nan lafiya ko muna can ƙarshen gona.

Wata shekara fetur ya yi wuya, injin ya kwanta. Baba yana da amini a Malumfashi, Baba Ishaya, Kirista, makanike. Shi ne ya ce da yana saurayi ya yi karen mota a ƙasar da Faransi ke mulki, tsakanin Maraɗi da Damagaram, lokacin yaƙin duniya, kuma da idonsa ya ga motoci na tafiya da gawayi. Ya ƙera tukunyar nan ya aiko da ita, ya ce yana tafe, sai rashin lafiyar matarsa ya tsare shi. Baba bai jira ba. Ya zuba gawayi ya kunna, jama'a ta taru, aka yi ta murza injin tun hantsi har la'asar, ban da tari ba abin da ya yi. Mutanen ƙauye ba su da mantuwa a kan irin wannan. Daga ranar ya koma Audu Mai Hayaƙi. Ya aiki direba ya gaya wa Ishaya an gode da wasan da ya yi da shi. Ishaya bai ba da amsa ba, Baba bai ƙara ambaton sunansa ba har Allah ya karɓi ransa, shekara uku kafin wannan tafiya tawa.

To, ga fetur ya sake ɓacewa. Wata huɗu injin bai motsa ba, mata sun koma turmi. Yaya Lawal, wanda gida ke hannunsa, ya gama magana da Okoro mai sayar da kayan gyaran mota a Funtua, zai zo ranar Asabar ya kwance injin ya sayar da shi gunduwa-gunduwa. Ni malamin firamare ne, ban san kan inji ba, amma na kasa haɗiye wannan. Na ce a ba ni kwana uku. Yaya ya ce, "Na ba ka. Ranar Asabar in bai tashi ba, kada in ji bakinka." Inna kuwa da ta ji inda za ni, sai ta tashi ta shige ɗaki. Gaskiya ba neman taimako kaɗai ya fitar da ni ba. So nake in dire wa tsohon nan tukunyarsa a gabansa, in tambaye shi abin da Baba ya yi masa.

Mil uku ne tsakaninmu da Funtua, amma taɓo ya sa sai bakwai da kwata muka shiga tasha. Okoro na buɗe shago ya hango mu. Haifaffen Funtua ne, Hausa a bakinsa ta fi tawa gishiri.

"Malam, ina za ka da bam da sassafen nan?"

Na gaya masa. Ya zaga tukunyar sau biyu yana ƙwanƙwasa ta da makulli, ya ce, "Wallahi in injin nan ya tashi da gawayi, ni zan fara kawo masarar matata. In kuwa bai tashi ba, Asabar ƙarfe goma ina ƙofar gidanku. Kada ka ce na yi maka ba-zata."

Motoci sun yi ƙaranci saboda mai. Ƙananan motocin kiya-kiya biyu suka ƙi ni, sai wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan taki ta yarda. Direban ya ce naira biyu ni, naira biyu tukunya. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce, "Ita ma fasinja ce, Malam, ta ma fi ka ƙiba." Goma saura ashirin muka tashi, ina zaune kan taki, na rungume tukunyar don kada ta gangara.

A Bakori mun tarar da layin motoci a gidan mai, ya miƙe har bayan gari, direbobi sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin motocinsu. Na sayi dafaffiyar masara guda biyu. Ina kai ta baki na tuna Baba. In ya je Bakori ɗaukar mai, da irin wannan masarar yake dawowa a aljihun riga, ta ɗumama masa ƙirji, ya karya mana uku uku yana cewa ya ƙoshi a hanya. Ban iya cinye ta biyun ba, na miƙa wa wata tsohuwa da ke gefena.

Bayan mun wuce mararrabar Danja muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani kofur ya leƙa, ya ga duro da bututu, ya kuma dubi hulata.

"Malam, kai da carbi a hannu, ina za ka da tukunyar dafa giyar ogogoro?"

"Ranka ya daɗe, ta tayar da inji ce. Da gawayi."

"Ta taɓa tayarwa?"

"Ba ta taɓa ba."

Motar gaba ɗaya ta ɗauki dariya. Ya buɗe murfin ya sansana, bai ji komai ba sai tsatsa da kashin kaji, ya ce mu wuce. Ni dai kunnuwana zafi suke yi har muka shiga Malumfashi, sha biyu saura minti goma. Tafiyar mil talatin ce ko kusa da haka. Ina saukowa abin da ya faɗo mini ke nan: mil talatin kacal, amma mutum biyu suka kasa ƙetare ta.

Garejin Baba Ishaya na nan inda na san shi, amma mai faci ne a ciki. Ya ce, "Ai Baba ya bar gari shekara biyu ke nan, idanu sun ƙi. Yana can Gidan Tanko ta hanyar Kafur. Mil biyar a mota, uku a burtali." Kafin in yi shawara hadari ya gangamo, aka kece da ruwa har la'asar sakaliya. Na sauka gidan Malam Haruna, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare. Maiɗakinsa ta yi mana tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa. Muna ci yana tsokanata: "Kai da ke kifa wa kyandir kwalba a gaban yara, kana nuna musu iskar da wuta ta fitar ita ke kashe wuta, yau kai ne za ka tuƙa inji da ita?" Ni ma tambayar ke cina tun daga gida. Kwana ɗaya ya tafi, saura biyu.

Alhamis: Gidan Tanko

Ƙarfe bakwai na samu motar 'yan kasuwa ta sauke ni a bakin burtali. Na zauna kan tukunya kusan awa guda kafin wani manomi ya zo da amalanke zai kai taki gona. Da ya ji wurin wanda za ni, ya ƙi karɓar ko kwabo. Goma da rabi muka isa. Gidaje ne a warwatse cikin dawa da auduga, da 'yar majami'a mai rufin kwano, an rataye tsohon wilin mota a bishiya a madadin ƙararrawa.

Yana zaune ƙarƙashin ɗorawa yana tufkar igiya. Na san shi ƙato, mai dariya kamar ana buga duro, yanzu ya rame, idanun sun yi fari. Duk hanya ina shirya maganganun da zan gaya masa, har na jera su ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya na yi sallama.

Hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga kai.

"Audu?" ya ce. "Audu, sai yau?"

An sha gaya mini muryata ta Baba ce, ban taɓa jin nauyin maganar ba sai ranar. Na durƙusa. Ashe bai sani ba. Kuma na san dalilin da ya sa bai sani ba. Ranar da Baba ya rasu ni aka sa in aika wa dangi da abokai. Yaya Lawal ya tambaye ni, Malumfashi fa? Na ce a bar Malumfashi.

"Baba, Sani ne. Ɗan Audu na biyu."

"Sani mai rigima! Ina shi? Ya tsaya a baya yana jan girma kau?"

"Baba, Allah ya yi masa rasuwa."

Ya ajiye igiyar. Sai ya ce, "Yaushe?"

"Shekara uku ke nan."

"Shekara uku," ya maimaita. "Kullum sai na yi mashi faɗa a raina. Ashe da kabari nike faɗa."

Matarsa, Mama Rahila, ta fito da ruwa a ƙwarya, ta ji ƙarshen maganar, ta ajiye ƙwaryar ta zauna a ƙasa tana kuka. Ita ta gaya mini cewa a da duk Kirsimeti mahaifinmu ne ke zuwa ya yanka musu dabba, don maƙwabta Musulmi su ci. Tun da suka ɓata, kowace shekara sai Baba Ishaya ya sa a ware zakara guda, a ce a dakata har azahar ko Audu zai zo. Na faɗi gaskiya, na ce ni na hana a aiko. Na zaci zai kore ni. Cewa ya yi, "Halin ubanka ne, ba ka sato ba. Mi ya kawo ka?"

Na ba shi labarin injin da Asabar da Okoro. Duk da kunyar da ta rufe ni, sai da na yi tambayata, amma murya ƙasa-ƙasa: me ya sa tukunyar ta ƙi? Ya ce in kawo ta. Ya miƙe ya fara shafa ta da tafin hannu, daga murfi zuwa wuya, yana gyaɗa kai. Da ya gangaro ciki sai yatsansa ya faɗa huji. Ya tsaya cak. Ya zaga, ya samu na biyu, na uku, na huɗu.

"Wa ya huda mani ita?"

"Haka ta zo, Baba."

"Yaro, hannun nan ya ƙera ta. Hanci ɗaya na yi mata, can ƙasa. Kawo yatsanka." Ya kama hannuna ya cusa yatsana cikin hujin. "Ka ji? Kusurwa huɗu. Ƙusar maƙera ce. Ka ji bakin sumul? An bi shi da magagari. Wa ka sani da ba ya iya barin bakin ƙarfe da kaifi, ko ba mai gani?"

Na san shi. Ko gwangwanin shan ruwan kaji Baba ya yanka sai ya goge bakinsa.

Baba Ishaya ya koma ya zauna, ya fara dariya, dariyar ta koma wani abu daban, ya share ido da bayan hannu. "Maƙeri! Ya ga wuta ta yi lumshi a ciki, ya ce ta shaƙe, bari ya ba ta iska. Duk ransa abin da ya sani ke nan, wuta a zuga ta. Na kau gaya wa direban da ya kai ta ya ce mashi iska kaɗan."

Sai ya yi mini bayani, yana zane da yatsa a jikin duron. A ƙasa, wurin hanci, gawayi na ci sosai, yana fitar da iskar da ya kira matacciya, wadda ba ta ci da wuta. Ita ce wadda nake koya wa yara da sunan kabon dayoksaid. A murhu tashi take ta bi iska ta tafi. Amma a nan an kama ta, ba ta da hanya sai ta ratsa ta cikin jan gawayin da ke sama, wanda ke da zafi amma ba shi da iskar sha. Gawayin nan mai yunwa shi ke juya ta, ta fito ta bututu rayayya, mai kama wuta, inji ya sha ta kamar fetur. Hujin nan huɗu kuwa suna shigo da iskar waje daidai inda ta rayu, sai ta ƙone tun a cikin tukunya, ta koma matacciya. Abin da Baba ya yini yana ɗura wa injinsa ke nan.

Na ce, "Baba, da ka zo ka duba ai."

Ya ce, "Da na zo. Shi ma da ya zo. Ya ce na yi wasa da shi, ni kau na ce sai ya tako da ƙafarsa ya janye maganar. Kana ganin kamar akwai lokaci."

Yinin ranar a kan huji huɗu ya ƙare. Ya sa na sassaƙa guntayen ƙarfe na dunƙule su a ciki da guduma, Mama Rahila ta kwaɓa yumɓu da kashin jaki, irin kwaɓin da ake yi wa murhu, muka liƙe. Muka farfasa gawayin ƙirya kamar girman goro, muka shanya a kan kwano da rana ta ɗan leƙo. Da la'asar aka kamo zakara, Mama Rahila ta miƙo mini wuƙa. Na fuskanci gabas na yanka. Suka ba ni ɗakin baƙi da buta da sabuwar tabarma. An yi shinkafa da miyar zakaran, Baba Ishaya ya ci loma uku ya ture kwanon.

Juma'a: wuta shuɗiya, da hanyar komawa

Bakwai da rabi yumɓu ya kama. Muka fito da tukunyar fili, aka aro zugazugi daga wani maƙeri a maƙwabta, muka cika ta da gawayi, muka sa garwashi ta hanci, muka rufe murfi muka liƙe. Na fara zuga da ƙarfi, irin yadda na ga ana yi a gidanmu. Ya daka mini tsawa: "A hankali! Ku dai jininku ɗaya." Farin hayaƙi ya yi ta fita ta bututu wajen minti ashirin, sannan ya sirance har ya kusa ɓacewa. Ya ce Mama Rahila ta kawo kara mai wuta. Ta kai bakin bututun, ya mutu. Ta sake, ya mutu. A na uku sai muka ji fuf.

"Ta kama?"

"Ta kama, Baba."

"Wace kala?"

"Shuɗiya."

"Da ja a bakinta?"

"Babu ja."

Ya miƙa tafin hannu a hankali har ya ji zafin, ya bar shi a nan. Ni kuwa kallon wutar nake, ina ta so a ce Baba na tsaye a bayana, ko da faɗa zai yi. Minti ɗaya kawai nake roƙo, ya gani, ya san ba wanda ya yi wasa da shi.

Baba Ishaya ya ja mini kunne sosai. Iskar nan da ta rayu guba ce, ba ta da wari, ba a kunna ta a ɗaki, ba a kwana kusa da ita. Ya ce wani abokin aikinsa a Damagaram ya raɓa da ita don jin ɗumi, bai farka ba. Sannan ya ce a ɗauko masa rigarsa ta zuwa majami'a da sandarsa. Na ce zan iya haɗawa in ya kwatanta mini. Ya ce, "Ba don injinku za ni ba. Ina da gaisuwar da ban yi ba."

Muka zazzage garwashin, muka jira ƙarfe ya huce, goma da kwata muka hau amalanke. Sha biyu da rabi muna Malumfashi. Na tafi masallacin Juma'a, shi ya zauna gindin wata bishiya ya jingina da tukunya yana gadi. Da na dawo na tarar ya tara makanikai huɗu, tsofaffin yaransa, yana musu faɗa a kan yadda suke ɗaure noti. Su suka samo mana babbar mota mai ɗauke da dawa, aka ba shi gaba, ni da tukunya muka hau sama. Uku da minti ashirin muka tashi.

A shingen nan kofur ɗin shekaranjiya ya gane ni. "Malam, giyar ta nuna?" Na ce saura kwana ɗaya. Wannan karon har ni a masu dariya. Biyar da kwata muka sauka Funtua, Malam Iro na jira da shanunsa kamar yadda muka yi. A kan amalanke Baba Ishaya ya yi ta tambaya: rimin nan na bakin rafi yana nan? An sare. Rijiyar da Audu ya faɗa yana saurayi? Tana nan. Muka isa gida rana na shirin faɗuwa.

Yaya Lawal ya tarbe shi a zaure, ya rasa inda zai sa idonsa. Inna ta daɗe kafin ta fito, ta tsaya daga bakin ƙofa. Baba Ishaya ya cire hula ya ce, "Hajara, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Audu. Na zo a makare." A hanya ya riga ya gargaɗe ni kada in ta da maganar huji a gida, a bar mamaci da mutuncinsa. Don haka ya ƙara da cewa, "Laifina ne da ban biyo tukunyar ba."

Inna ta dubi duron da ke tsakar zaure, ta ga tabon yumɓu huɗu. Ta ce, "Ishaya, ba sai ka rufa mana ba. Ni na riƙe mashi ita ya huda. Ni ma cewa na yi wutar ta shaƙe. Wace mace ce za ta ga murhu ba ya shan iska ta yi shiru?" Ta juya ta koma ciki, muna jin ta tana fyace hanci. Can ta aiko da fura, a ƙwaryar da Baba ke sha.

Asabar: rumfar inji

Tun da hantsi muka yaye zanar da ke kewaye da rumfar inji don iska ta ratsa. Baba Ishaya na zaune kan dutsen da Baba ke zama, yana ba da umarni. Bututu ya bi ta cikin gwangwani mai garin katako don ya tace toka, daga nan ya shiga kafireta, inda inji ke haɗa mai da iska. Yaya Lawal, wanda jiya ko kallon tukunyar bai yi ba, shi ya shiga ɗakin Baba ya ɗauko zugazuginsa na fatar akuya, ya shafa masa mai ya zauna yana zuga.

Ƙarfe goma daidai Okoro ya iso da mota da akwatin sifanu. Jama'a ta riga ta cika wurin, har da waɗanda suka yi kallon farko shekara tara da suka wuce. Wuta shuɗiya ta kama a bakin bututu, muka kashe muka haɗa. Na kama hannun murzawa na murza. Tari. Na sake. Tari. Sau goma sha, gumi ya jiƙa mini riga. Daga baya na ji wani ya ce, "Mai Hayaƙi ya bar magaji." Na saki ƙarfen na juya zan nufe shi, Baba Ishaya ya ce, "Sani, dawo nan. Fushin gidanku ya ci mana shekara tara, ya isa."

Okoro ya duba agogo, ya dubi Yaya, sai ya tuɓe riga. Ya kwance fulogogi ya kankare su ya mayar, ya ce in matsa. Baba Ishaya ya sa a kai shi jikin injin, ya ɗora tafinsa a bakin kafireta, yana buɗewa kaɗan yana rufewa, kunnensa a karkace. "Murza." Okoro ya murza. "Kuma." Injin ya yi tari, ya yi na biyu, ya yi shiru kamar zai fasa, sai ya ɗauka. Sha ɗaya da minti ashirin da biyar.

Ƙarar ba ta kai ta fetur sauri ba, ta fi nauyi, amma ita ce. Ita ce wadda nake ji daga ƙarshen gona. Mata suka ɗauki guɗa. Okoro ya nufi motarsa, ashe da buhun masarar ya zo, ya ɓoye shi bayan kujera. Amma Inna ta riga shi. Ta fito da ƙwaryar dawa a ka, ta ratsa maza ba ta dubi kowa ba, ta juye da hannunta. Yaya Lawal ya ce wa Okoro ya yi haƙuri, ciniki ya tashi. Okoro ya ce shi dai a niƙa masa kyauta.

Na mayar da Baba Ishaya kan dutse. Ya dafa gefensa, inda ba kowa, ya ce a hankali, "Ka ji kau, Audu? Kaɗan na ce. Iska kaɗan."

Injin ya yi damina biyu yana shan gawayi kafin fetur ya wadata. Yaya ya so a kai tukunyar a yi wa hujin walda, na hana, duk shekara ni ke sake musu yumɓu. Da daɗewa bayan haka na ji a rediyo cewa masana na neman hanyar kama wannan matacciyar iska daga bututun masana'antu, don ita ke ɗumama duniya, su juya ta ta koma mai da wasu sinadarai. Tasu dabarar ta fi ƙarfin sanina. Na dai rage muryar rediyon, na ga tsoho makaho ya miƙa hannu yana tambayar kalar wuta.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Malam Iro da shanunsa, da Malam Haruna da maiɗakinsa, da manomin da ban tambayi sunansa ba, da Okoro da ya tayar da injin da ya zo kwancewa. Godiyata mafi nauyi ta Mama Rahila ce. Baba Ishaya ya rasu da kaka ta biyu bayan zuwansa, wata Talata da hantsi. Kafin azahar ɗansu ya iso ƙofar gidanmu a kan babur, ya ƙetare mil talatin ɗin nan da ɗoriya, da man da ya ara. Ya ce ko 'yan'uwan Baba Ishaya na Kafur ba su ji ba tukuna. Mama ta ce gidan Audu za a fara gaya wa.